Bakolori: Asalin mutanen da suka riga madatsar ruwa zama

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato da rani, ya ratsa ta Talata Mafara, zai ga korayen gonakin shinkafa da magudanun ruwa na siminti sun miƙe tamkar an ja su da igiya.

Waɗannan magudanu dai daga madatsar ruwa ta Bakolori suka taso, kuma ba su kai shekaru hamsin ba. Amma garuruwan da suke ratsawa a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara sun girme su nesa ba kusa ba.

A wannan yanki, sanin asalin mutum ya wuce abin alfahari a wurin biki ko naɗin sarauta. Shi ne hujjar da magidanci kan kafa idan ana jayayya a kan gona ko gado, kuma yawancin wannan hujja a doron ƙasa aka ajiye ta, ba a takarda ba.

Zamfarawa da rushewar birninsu

Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga wajajen Funtuwa ya biyo ta Gusau da Maradun da Bakura, shi ne ya fara jawo jama'a zuwa yankin. Ambaliyarsa ta kowace damina kan bar danshi a fadama, inda ake noman shinkafa da dawa, sannan a yi lambu da su idan ruwa ya janye.

Yankin na cikin tsohuwar daular Zamfara, wadda jerin sarakunanta ya fara da Dakka a garin Dutsi, kafin a koma Birnin Zamfara. Wani masani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara wannan jeri daga bakin mutanen fadar Anka, ya kuma buga shi a 1959.

A farkon shekarun 1760 ne Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, suka kafa Alƙalawa a kusa da shi.

Wannan lamari ya warwatsa Zamfarawa zuwa kudu. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ya tabbata a Anka, yayin da garuruwa irin su Mafara suka ci gaba da riƙe nasu sarakunan.

Shi ya sa iyalai da dama a yankin, idan suka lissafa kakanninsu, labarin kan tsaya ne a kan wani kaka da ya taso daga arewa bayan an ci birni.

Zuwan jama'ar Shehu

Kashi na biyu na mazauna yankin ya biyo bayan wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙanensa, Malam Abdullahi, ya rubuta a littafinsa Tazyinul Waraƙat cewa sun shafe kimanin shekaru biyar suna wa'azi a ƙasar Zamfara, wato a ƙarshen shekarun 1780.

Faru, inda Shehu ya zauna, da Magami, inda ya gana da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a taron babbar salla, duka sunaye ne da har yanzu ake ji a ƙasar Maradun, tare da garuruwa irin su Damaga da Kaya.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, jama'ar Shehu sun sake komawa Zamfara, suka yada zango a Sabon Gari a 1805. To sai dai zaman bai yi daɗi ba. Ƙarancin abinci ya sa mayaƙa sun riƙa ɗibar hatsin talakawa, abin da ya juya Zamfarawa da dama daga ƙawance zuwa adawa.

Ko da Alƙalawa ta faɗi a 1808, hankali bai kwanta ba. Da Shehu ya rasu a 1817, tawaye ya ɓarke a Zamfara, kuma cikin waɗanda suka yi fice a lokacin akwai Banaga ɗan Bature.

Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda ake damƙa wa wani amintacce, galibi ɗa ko ɗan'uwa, tare da malamai da mayaƙa da masu sana'a.

Waɗanda suka yi mubaya'a aka kuma amince da su sun sami filayen noma a kewayen irin waɗannan garuruwa. Bello ya kuma ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwar su zauna wuri ɗaya, su koyi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Haka kuma an zaunar da bayi masu yawa da aka kamo a yaƙe-yaƙe domin su yi aikin gona.

Masana tarihi na lissafa Bakura cikin garuruwan ribaɗi, yayin da gidan sarautar Maradun ke danganta asalinsa da zuriyar Muhammadu Bello.

Mafara kuwa ta ci gaba da zama a hannun gidanta na Zamfarawa, tana biyayya ga Sakkwato amma ba kullum cikin daɗin rai ba. A 1891 ta yi bore a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, aka kuma murƙushe boren da ƙarfi.

Abin da sunaye ke faɗa

Wannan cuɗanya ta bar alamunta a cikin sarautun yankin. Ana cewa Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun.

A biyun ƙarshe, sunan sarautar daban, sunan garin da sarkin ke zaune daban. A ƙasar Sakkwato irin wannan kan nuna cewa sarautar tana ɗauke da sunan wata al'umma ko wani mazauni da ya gabaci hedkwatar yanzu, kamar Burmawa a Bakura da garin Kaya a Maradun.

Sunayen ƙauyuka ma haka suke. Wanda ya fara da Birnin, ya taɓa samun ganuwa. Tunga mazaunin manoma ne da suka fita daga babban gari neman fili, Rugga ta Fulani ce, Gidan wane kuwa na ɗauke da sunan wanda ya fara sare dajin. Ita kanta Talata Mafara ta samo rabin sunanta ne daga kasuwarta ta ranar Talata.

A da, tsagar fuska kan bayyana asalin mutum tun kafin ya buɗe baki. An san Bagobiri da zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kuma Zamfarawa da Kabawa na da irin tasu. Wannan al'ada ta ja baya ƙwarai, ta yadda matasa da yawa ba sa iya karanta fuskar kakanninsu.

Saura kuma su ne makaɗan fada da maroƙa, waɗanda ke haddace jerin sarakuna da kirarin kowannensu. Amma nasu aikin ya fi karkata ga gidajen sarauta da na malamai. Talaka ba shi da maroƙin da zai riƙe masa sunayen kakanni.

Gona a matsayin littafin asali

Ga talaka, gonar gado ita ce littafin. Bahaushe ba ya ɗaukar sunan dangi guda ɗaya daga kaka zuwa jika, sunan uba ne ke bin na ɗa, saboda haka bayan zuriya uku ko huɗu sunaye kan fara ɓacewa.

Abin da ke riƙe su shi ne iyakar gona. Kukar da kaka ya tarar, da tsamiyar da ya bari, da layin gamba da ya raba shi da maƙwabci, da tsohuwar rijiya, da kufan da aka taso daga cikinsa, da maƙabartar da aka binne shi.

Idan rigima ta taso, dattawa kan taka zuwa gonar su nuna cewa daga wannan itace zuwa wancan na gidan wane ne, sun kuma san ko gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina. Da irin wannan shaida ce hakimi da ubanƙasa da alƙali ke yanke hukunci.

Turawan mulkin mallaka, bayan sun ci Sakkwato a 1903, sun rubuta rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, inda sukan kawo taƙaitaccen tarihin gari da jerin sarakunansa. Amma ba su yi rajistar gonakin talakawa ɗaya bayan ɗaya a irin waɗannan ƙauyuka ba.

Ranar da aka baje iyakoki

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar gina matsakaiciyar madatsa a yankin. Da kuɗin man fetur suka samu, gwamnatin mulkin soja ta zaɓi babban aiki, ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila.

An fara ginin a 1974 aka kammala a 1978. Madatsar na da tsawon kimanin kilomita biyar da rabi, tana iya riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon murabba'i mai zurfi, kuma tafkinta ya mamaye kusan hekta 8,000.

Kimanin mutane 13,000 ne aka tasa daga inda ruwan ya kwanta, aka kai da yawansu sabon matsuguni a kan tudu, inda ƙasar ba ta kai fadamar da suka bari albarka ba.

A ƙasan madatsar kuma, inda aka tsara shayar da hekta 23,000, manyan motoci sun tumɓuke itatuwa, suka baje ƙasa, suka yanka ta gida-gida daidai da tsarin magudanu. Manoma da dama sun yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba.

Da aka zo mayar da filaye, alamun da dattawa ke dogaro da su sun riga sun tafi. Wasu an ba su wurin da ba nasu ba, wasu abin da suka samu bai kai na da ba, wanda kuma yake noma gonar aro ko ta jingina ya rasa ta inda zai fara bayani.

Lamarin ya zo daidai da dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta ɗora ikon filaye a hannun gwamna, ta kuma taƙaita diyya ga amfanin gona da itatuwa da gine-gine.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa ƙauyukan yankin, ciki har da Birnin Tudu.

Hukumomi sun ce mutane ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Wasu masu bincike kuwa sun ce adadin ya kai ɗaruruwa, inda aka fi ambaton 386. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Bjorn Beckman, na cikin waɗanda suka yi rubutu a kan abin da ya faru.

Mazauna fadamar da ke can ƙasa ma ba su tsira ba. Binciken da masanin Birtaniya William Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi, abin da ya sa magidanta da dama suka ƙara dogaro da cin rani.

Ba Bakolori kaɗai ta ga irin wannan ba. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta tashi mutane fiye da 40,000, ta kuma haɗiye tsohon garin Busa.

Ƙaura ta baya-bayan nan

A 1996 aka ƙirƙiro jihar Zamfara daga Sakkwato, a 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da wani shirin gyaran manyan ayyukan noman rani a arewacin Najeriya, wanda Bakolori ke cikinsa.

To amma daga wajajen 2011 matsalar 'yan bindiga ta sake tayar da ƙauyuka. A 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, an kuma kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta Maradun.

Iyalan da suka tsere zuwa manyan garuruwa sun bar gonaki da maƙabartu a baya. Idan dattawan da suka san iyakoki suka rasu a wurin gudun hijira, 'ya'yan da za su koma wata rana za su tarar da matsalar da iyayensu suka fuskanta a ƙarshen shekarun 1970.

Inda mai nema zai duba

Ga mai son bin diddigin gidansu, akwai rahotannin gundumomi na lardin Sakkwato a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da takardun Gidan Arewa a Kadunan, da kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Littattafan shugabannin jihadi, irin su Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, na ambaton garuruwa da mutanen da suka taka rawa a yaƙe-yaƙen Zamfara. Takardun rabon gado na kotunan alƙalai, da rasiɗan haraji, da takardun diyya da na rabon filayen Bakolori, su ma kan ƙunshi sunan mutum da na mahaifinsa da ƙauyensu.

Sai dai masu nazarin tarihin baka na jan hankali cewa jerin kakanni kan gajarce ko ya miƙe gwargwadon bukatar mai ba da labari, kuma gidaje da yawa kan so jingina kansu da gabas ko da wani babban malami. Zuriyar bayi kuwa sau da yawa kan ɗauki asalin gidan da suka tashi a ciki.

Don haka ake son a ji daga baki fiye da ɗaya, a haɗa da tsofaffin mata, waɗanda suka fi riƙe lissafin aure da dangin uwa, sannan a gwada abin da aka ji da abin da ke rubuce.

Waɗanda suka yi noma a fadamar Maradun da Bakura da Mafara kafin 1974, suka san inda kowace kuka take kafin a tumɓuke ta, yanzu shekarunsu sun haura sittin, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a rubuta shi ba tukuna.