Dahuwar Wake: A Tafasa Tukuna, Kana A Rage Wuta

Yau maganarmu a kan dahuwar wake ce, amma za mu ɗauko ta daga nesa, daga wani birni na ƙasar Amurka wanda ake kira Boston.

Turawan da suka kafa birnin nan cikin shekarar 1630 mutane ne masu tsananta kiyaye ranar Lahadi, ba su yin aiki a cikinta, ko da girki ne. Saboda haka tun ran Asabar uwargida takan zuba farin wake ƙanana cikin tukunyar ƙasa mai ƙaramin baki, ta jefa yankan naman alade mai kitse wanda aka adana da gishiri, ta rufe, ta sa cikin tanderu. Daga baya suka riƙa ƙara baƙin ruwan rake mai kauri, watau ɗan'uwan mazarƙwailarmu. Tukunya takan yi awa 6 ko 8 a kan wuta kaɗan kaɗan. A ci da dare, saura a ci da safe. Har yanzu ana wannan dahuwa a gidajensu, har ma ana yi wa birnin laƙabi da garin wake.

To, naman alade haram ne ga Musulmi, kuma ba dominsa muka kawo labarin ba. Aikinsa cikin tukunya shi ne ba da kitse da gishiri. Naman shanu mai kitse, ko busasshen kifi da ɗan man gyaɗa, sai ya tsaya a madadinsa. Wanda kuwa yake cinsa, lalle ya dafa shi har ciki, gama ɗanyensa yana ɗauke da ƙwayar tsila. Naman shanu ma haka ne.

Ga abin da muke so ku riƙe. Ɗanyen wake yana da wani dafi a cikinsa, wanda tafasa ce kaɗai ke kashe shi. Waken Turawa, musamman jan nan mai kamar ƙoda, shi ya fi yawansa. Ƙwaya 4 ko 5 waɗanda ba su dahu ba sun isa su sa babban mutum amai da zawo kafin awa 3. Namu na gida nasa bai kai haka ba, amma dokar ɗaya ce. Abin lura kuwa, wuta mai sanyi ba ta kashe dafin nan, ko da tukunya ta kwana a kanta. Mace za ta ga wake ya yi laushi ta ce ai ya dahu, alhali ruwan bai taɓa tafasa ba.

Don haka, uwargida, ki tsince wakenki, ki wanke, ki jiƙa shi tun dare, ko kuwa awa 5 aƙalla. Ki zubar da ruwan jiƙon, kada ki yi rowarsa, domin yana tafiya da wani abu daga cikin abin da ke kumbura ciki. Ki zuba sabon ruwa, ki iza wuta sosai, ya yi ta tafasa yana ɓararraka minti 10 cur, in ya kai 30 ya fi. Sai bayan wannan za ki sa nama da albasa, ki janye itace, ki bar tukunya a rufe bisa garwashi. In ruwa ya ja, ki ƙara mai zafi. Tumatir da kayan zaƙi suna hana wake saurin laushi, shi ya sa na mutanen Boston yake daɗewa bai dagargaje ba. In kina so naki ya nuna da wuri, ki bar tumatir sai can ƙarshe.

Mun sani da yawa za su ce, ina dalilin wannan wahala, ga kanwa? Gaskiya ne kanwa tana dafa wake maza maza, kuma itace ya yi tsada. Amma tana ɓata wani abu mai amfani da ke cikin wake, wanda likitoci ke kira bitamin B1, mai taimakon jijiyoyi da zuciya. Banda wannan, abin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini, akwai shi cikin kanwa. Mai jego da mai hawan jini su yi hankali da ita ƙwarai. Jiƙo na kwana ɗaya yana rage lokacin dahuwa, ba kuwa a saye shi da ko kwabo.

Waken da ya dahu haka ya yi lugub, abinci ne mai gina jiki. Yaron da ya kai wata 6 ana iya murje masa cokali ɗaya ko biyu cikin kununsa na gero, a cire ɓawon, a ci gaba da ba shi nono. Gero da wake in sun haɗu, kowanne yana cika abin da ɗaya ya rasa.

Wanda ya kwana kuma, kada a ci shi da sanyi. A mai da shi kan wuta ya sake tafasa. In ya yi tsami ko yauƙi, a zubar. In kuwa wani ya kama amai da zawo bayan cin wake, ku yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. In yaro ne ko tsoho, ku kawo shi wurin malamin asibiti ran nan, kada ku jira gobe.