Fanbel da Fuli a Injin A-kori-kura Mai Ƙarin Ƙarfi

Sunan "fanbel" da makanikai ke kira ya samo asali ne tun zamanin da fitaccen aikin bel ɗin shi ne juya fanka. A injin zamani kuwa, bel guda mai tsaga shida ne ke ɗauko juyi daga fulin karanshaf, ya rarraba wa altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari.

A Amurka, masu ƙara wa a-kori-kura ƙarfi sukan ɗora injinan LS na kamfanin General Motors. Tazarar fuli daga jikin waɗannan injina iri uku ce: ta Corvette, ta Camaro, da ta a-kori-kura wadda ta fi fitowa waje. Duk wanda ya haɗa famfon ruwan wannan da fulin wancan, bel zai karkace, gefensa ya cinye, ya suɓuce ana cikin gudu. Tsadar kayan ba ta maganin wannan.

Sai girman fuli. Altaneta kan juya kusan sau 3 a kowane juyin inji, wato juyi 6,000 a minti yana kai ta 18,000. Ƙaramin fulin karanshaf yana rage mata wahala, sai dai caji yakan yi ƙasa idan mota tana silo.