Littafin mawaƙi David Byrne da tafiyar keke daga Adjamé zuwa Treichville

A shekarar 2009 David Byrne, tsohon jagoran ƙungiyar mawaƙan Talking Heads ta Amurka, ya fitar da littafi mai suna Bicycle Diaries. Tun farkon shekarun 1980 yake hawan keke a New York, kuma idan zai fita wasa ƙasashen waje yakan tafi da keken da ake naɗewa. Da shi ya zaga Berlin, Istanbul, Manila, Buenos Aires da Landan. Hujjarsa ita ce mai keke ya fi mai mota ganin gari, don yana ganin inda aka kashe kuɗi da inda aka manta da talaka.

Babu birnin Afirka ko ɗaya da ya samu babi a littafin, abin mamaki ga mutumin da kiɗan Fela Kuti ya yi wa tasiri a faifan Remain in Light na 1980.

Da zai zo Abijan, da sai a ɗora shi a hanyar da Hausawa 'yan kasuwa ke bi kullum. Daga Adjamé zuwa Treichville bai kai kilomita 10 ba, amma sai an ratsa Plateau, a haye ruwan Ébrié ta gadar Houphouët-Boigny ta 1957 ko ta De Gaulle ta 1967. Nan ne matsalar. Ruwa ya raba garin, duk mai mota dole ya bi ta gada, don haka gbaka da wôrô-wôrô da motocin SOTRA suke cushewa safe da yamma. Mai sarin kaya ko mai sayar da garba da ya makara, cinikin safe ya wuce shi, ga kuɗin mota ya biya.

Keke ba ya shan mai, kuma yana kurɗawa cikin cunkoso. Sai dai manyan titunan nan don mota aka tsara su, mai keke da buhu a baya ransa yana hannun direban gbaka. Ga zafi, ga ruwan saman Yuni.

Hukumomi sun fi karkata ga manyan ayyuka: gada ta huɗu daga Yopougon da aka buɗe a 2024, da jirgin ƙasa na cikin gari daga Anyama zuwa Port-Bouët, wanda zai bi ta Adjamé da Treichville. Byrne kuwa, a 2008, wuraren jingine keke ya zana wa birnin New York.