Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, sai gidajen ƙasa su jiƙa su zube, a kwashe mata da yara a zuba su a makarantar firamare mafi kusa, ba tare da an duba ko ita ma a kwari take ba. To, jama'a, wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne.

A shekara ta 17 bayan Hijira ambaliya ta shiga Masallacin Harami har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bai tsaya ga jaje ba, sai ya sa aka gina shinge a saman Makka domin karkatar da ruwan. Da fari ya auku a shekara ta 18, mutanen ƙauye suka kwararo Madina, ya saukar da su a gefen gari, ya naɗa masu ƙidaya su da ciyar da su.

Mu ma an yi mana ishara. A watan Yulin 2018 ruwan dare ya ci Jibiya, mutane fiye da 40 suka rasu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ta mamaye Maiduguri. Mai jiran ya ga ruwa a zaurensa kafin ya nemi mafaka, ya makara.

Saboda haka wajibi ne a zaɓi wuraren fakewa tun da rani. Na farko, wurin ya kasance a kan tudu, nesa da fadama da kududdufi. Na biyu, tsohuwa da mai goyo su iya kaiwa da ƙafa cikin dare ba tare da sun ƙetare rafi ba, watau kowane ɓangaren gari ya sami nasa. Na uku, a tanadi rijiya mai murfi da makewayi nesa da ita, domin amai da gudawa ya kan bi bayan ambaliya. Na huɗu, a keɓe wa mata sashensu, gama sutura ba ta faɗuwa saboda masifa.

Ma'aikatan ƙaramar hukuma su zauna da hakimi da dagatai da masu unguwa, waɗanda suka san inda ruwa ya saba bi, a rubuta wuraren, limamai su sanar da su ranar Juma'a. Attajiranmu na hatsi da auduga kuwa, wanda Allah Ya hore wa fili a tudu ya yi wakafinsa, ya gina rumfa da rijiya. Da rani almajirai su yi karatu a ciki, da damina ta rufa wa bayin Allah asiri, ladan kuma ya bi shi har kabari.

Allah Ya kiyashe mu da masifa, Ya ba mu damina mai albarka, amin.