Kazar Gida Da Yunwar Da Ba A Gani

Da wuya ka shiga gida a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ba ka tarar da akurki a bayan ɗaki ba. Da kuɗin kaza iyaye mata da yawa suke saya wa yara littafi da sabulu, balle yanzu da rashin tsaro ya hana mutane da dama zuwa gonakinsu na nesa. Amma sau da yawa mukan watsa wa kaza ɗan gero da safe, mu ce ai za ta yi tono ta ƙoshi. A nan kuskuren yake.

Da damina kaza tana samun gara da ƙwari da ɗanyen ganye. Idan rani ya yi, sai ƙasa ta bushe, abincinta ya koma tsaba da dusa kaɗai. Gero da dawa suna ba da ƙarfi, amma abin gina jiki da ke cikinsu wajen kashi 10 ne cikin 100, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 18. Illar ba ta fitowa a rana ɗaya. Da farko ƙwan yakan ƙanƙance, daga baya ya ragu, sa'an nan gashinta ya zube, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa. Budurwar kazar da ta tashi da yunwa kuwa takan makara wajen fara ƙwai.

Abu na biyu shi ne sinadarin kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Kowane ɓawo yana cin wajen giram 2, hatsi kuma ba shi da shi sai kaɗan. In kaza ba ta samu a abinci ba, jikinta yakan ɗebo daga ƙasusuwanta. Bayan watanni sai mu ga ƙwai mai laushin ɓawo, ƙafafu su yi rauni, wata ma ta kasa tashi.

Barnar ba ta tsayawa a kan uwa. Ɗan tsako yana kwana 21 a cikin ƙwai, ba shi da abinci sai abin da uwarsa ta zuba a ciki. Saboda haka ƙwan kaza mai yunwa yakan yi bara-gurbi, waɗanda aka ƙyanƙyashe kuma su fito ba kuzari. Lokacin da annobar kaji ta Niyukasil ta zo da hunturu, ramammun kaji ba su da ƙarfin jurewa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafinta, amma ya fi aiki a jikin kazar da ta ƙoshi.

To, mene ne abin yi? Mu gauraya dusa da garin ƙuli-ƙuli marar yaji ko waken soya da aka soya, gama ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Mu ƙona ƙashi, mu gasa ɓawon ƙwai, mu daka mu zuba. Mu ba su ganyen zogale da gara. Kada a rasa ruwa mai tsabta a inuwa, domin wajen kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Mu kuma guji gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. A Ingila a 1960 gubar fumfunar gyaɗa ta kashe talotalo kusan 100,000.

Ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku kama kazar gidanku ku shafa ƙirjinta, ku duba ƙaurin ɓawon ƙwanta. Abin da kuka gani ku faɗa wa iyayenku, ku taya su gyara abincin tun kafin hunturu ya shigo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.