Kula da Gidan Haya ga Mai Ƙaramin Jari

A biranen Arewa irin su Kano da Kaduna da Zariya, gina gidan haya ko sayensa yana cikin hanyoyin da ma'aikaci mai shirin ritaya ko ɗan kasuwar da ya tara ɗan abin hannu ya fi amincewa da su wajen adana dukiya, domin ƙasa ba ta ruɓewa, kuma farashinta yakan tashi a lokacin da darajar naira ke faɗuwa. Wannan tunani yana da tushe, sai dai gidan da aka zuba wa 'yan haya sana'a ce mai neman lissafi da rubutu da zirga-zirga, kuma mai ɗaki huɗu ya fi attajiri mai rukunin gidaje bukatar wannan kulawa, tunda idan ɗaki ɗaya ya zauna babu kowa, rubu'in abin da yake samu ya tafi ke nan.

Aikin yana farawa ne tun daga takardu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mai gida a birni yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar shaidar mallaka da ake kira C of O take tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99, kuma sayar da wannan haƙƙi yana bukatar amincewar gwamna. Hukumomi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja su ne ke riƙe da bayanan filaye, kuma a wurinsu ake binciken ko takardar ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan ga banki. Idan gidan na gado ne, wajibi ne a tabbatar an raba gadon ko kuma dukkan magada sun yarda da cinikin, domin magaji ɗaya da aka tsallake ya isa ya tsayar da haya shekaru ana kai-komo a kotu.

Inda sababbin masu gida suka fi yin tuntuɓe shi ne lissafi. Al'adar biyan kuɗin shekara gaba ɗaya tana sa mutum ya ga dunƙulallen kuɗi a hannunsa ya ɗauka duk riba ce, alhali wani kaso daga ciki na gidan ne. A ɗauki misalin gidan da aka saya naira miliyan 20, ake karɓar hayar miliyan 1.2 a shekara: abin da ya shigo kashi 6 cikin 100 ne na jarin, amma da zarar an cire gyaran rufi da fenti da kwashe masai, da kuɗin ƙasa da ake biyan gwamnatin jiha, da watanni biyu ko uku da wani sashe ya yi a rufe tsakanin fitar wani da shigar wani, abin da ya rage yana iya komawa kashi 4. Hauhawar farashi kuma tana ƙara rage shi, domin a watan Disamban 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna ta kai kashi 34.8 cikin 100, wanda ke nufin hayar da aka karɓa a farkon shekara ba za ta sayi adadin siminti da kwanon da za ta iya saya a lokacin ba idan ƙarshen shekara ya zo. Dabarar da ta fi dacewa ita ce a ware wani kaso ranar da kuɗin ya shigo, a yi manyan gyare-gyare da wuri, kuma a riƙa rubuta kowace naira da ta shiga ko ta fita a littafi guda.

Zaɓen ɗan haya ya fi tsadar haya muhimmanci. Dillali yana da amfani wajen kawo mutane, amma la'adarsa, wadda a wurare da yawa takan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, tana fitowa ne ranar da aka biya, don haka ba shi ne zai zauna da matsalar da za ta biyo baya ba. Mai gida da kansa ya kamata ya san sana'ar mai neman hayar, da yawan iyalinsa, da dalilin barinsa gidan da ya fito, ya kuma nemi wani sananne ya tsaya masa. Unguwa ma tana tsara irin wanda zai zo: ɗakunan Samaru kusa da Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kabuga da Rijiyar Zaki kusa da Jami'ar Bayero suna samun ɗalibai cikin sauƙi, amma suna yawan canza hannu, kuma kowane canji yana zuwa da fenti da gyaran makulli.

Yarjejeniya ta baka, wadda kunya da zumunci suke sa mutane su tsaya a kanta, ita ce tushen yawancin rigingimun haya. Fiƙihu yana kiran wannan ciniki ijara, wato sayar da amfanin abu na wani lokaci, kuma ya sharɗanta a san kuɗin a san wa'adin. Rubutacciyar takarda mai shaidu tana cika wannan sharaɗi, idan ta fayyace ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda ke gyaran rufi da bango da wanda ke gyaran famfo da ƙwan lantarki, da ko an yarda ɗan haya ya sa wani a madadinsa, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin ƙarin kuɗi. Haka nan kowane biya yana bukatar rasit, ko da ɗan hayar ɗan'uwa ne, hasali ma a nan aka fi bukatarsa.

Wuta da ruwa sukan haɗa faɗa a gidan da mutane da yawa ke zaune. Bashin lantarki yana bin mita ne, don haka ɗan hayar da ya tashi bai biya ba ya bar wa mai gida nauyi a wurin kamfani irin KEDCO, kuma maganin wannan shi ne mita mai kati ga kowane sashe. Duba rufi da indararo da kwata kafin saukar damina shi ma aikin mai gida ne, kuma zuwa da kai ya fi saƙo, domin yoyon da ba a toshe ba a watan Mayu yakan zama ruɓaɓɓen silin da tsagaggen bango a watan Agusta.

Idan zama ya ƙi daɗi, doka ba ta yarda mai gida ya ɗauki hukunci a hannunsa ba. Cire ƙofa ko kwance rufi ko yanke wuta ko watso kaya waje zalunci ne ga iyalin da ke ciki, kuma suna iya jawo wa mai gida biyan diyya ko da yana bin bashi. Kowace jiha tana da dokarta, amma tsarin da ke cikin dokar Abuja da dokar haya ta Legas ta 2011 ya nuna yadda abin yake: idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata yana da sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara yana da ta wata 6, sannan a ba shi wata takardar ta kwana 7 kafin a shigar da ƙara, kuma kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitarwa. Kuskure wajen ƙidayar kwanaki yana iya rushe ƙarar, shi ya sa rubuta sanarwar ta hannun lauya ya fi arha. Kafin a kai nan, sulhu a gaban mai unguwa ko wanda ya tsaya wa ɗan hayar yakan warware magana cikin makonni, musamman idan mai gida ya yarda a biya bashin kaɗan-kaɗan, ko ya yafe wani ɓangare domin a ba shi makullinsa.