A Ɗauko Inna Ko A Bar Ta A Ɗakinta?

A yawancin gidajenmu ba a zama a yi shawarar yadda za a kula da tsoho sai ranar da ya faɗi. Kowa na harkar gabansa, ana tura ɗan abin cefane ƙarshen wata, ana zuwa gaisuwar Sallah, kwatsam sai a bugo waya da asuba a ce Inna ta zame a banɗaki, ko Baba ya tashi baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa. In an sallamo su daga asibiti 'ya'ya su taru a zaure, kuma duk yadda aka juya maganar ba ta wuce biyu. Ko dai ɗaya daga cikinsu ya tafi da tsohuwar gidansa a birni, ko a bar ta a ɗakinta a samo mai kula da ita, a riƙa haɗa kuɗi ana aikowa.

Mai hali ba ya cikin wannan lissafi, domin shi yana iya yin duka biyun. Wanda nake magana a kansa shi ne malamin firamare, da masinja, da tela, da direban Adaidaita Sahu, mutanen da abin da ke shigo musu bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wadda Kano ta mayar 71,000. Daga cikinta za a fidda haya, da kuɗin makaranta, da abinci, sannan a nemo na maganin hawan jini da na suga, waɗanda ba a fashinsu.

A wasu ƙasashen akwai hanya ta uku, wato gidajen da tsoho ke kama ɗaki, ma'aikata na yi masa wanka da girki da ba shi magani. Kada mai karatu ya ɗauka can ɗin sauƙi ne. A Amurka matsakaicin kuɗin irin wannan gida ya haura dala 5,000 a wata tun 2023, kuma Medicare, inshorar lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ta biyansa. Medicaid, ta marasa ƙarfi, ba ta shigowa a yawancin jihohi sai abin da tsohon ya mallaka ya ragu zuwa wajen dala 2,000, kuma sai an bi sawun shekaru biyar na baya an ga ko ya rabar wa 'ya'yansa dukiya don ya cancanta. A nan kuwa hanyar ma babu ita. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano na waɗanda ba su da kowa ne, kuma ɗan da ya kai uwarsa can ya gama shiga mutane. An yi dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya musu. Sai dai har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita, kuma manomi da 'yar kasuwar ƙauye ba su san wani abu fansho ba. Nauyin yana kan 'ya'ya, ba mai ɗauke musu.

Hujjar masu cewa a ɗauko ta birni tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. Asibiti yana kusa. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar gashi a kai a kai a watannin farko, lokacin da jiki ya fi karɓar gyara, kuma ba za a samu mai wannan aiki a ƙaramin asibitin ƙauye ba. Karayar ƙugu sai asibitin ƙashi irin na Dala, wankin ƙoda sai manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, hannun tsohuwa ba ya ƙara wa kwanon tuwo komai. Ɗan yana ganinta safe da yamma, ya san ta sha magani ko ba ta sha ba. Ga kuma abin da kowa ke ji a ransa ko bai faɗa ba: ayoyin Suratul Isra'i da suka yi umarni da kyautata wa iyaye sun yi maganar tsufa ya riske su a wurinka ne, kuma mutum yana son ladan ɗaga mahaifiyarsa da hannunsa.

Shi ya sa ake cewa wannan hanya ta fi arha. Ni kuwa ina ganin ba arha ta yi ba, wadda ke biyan kuɗin ce ba a sa ta a lissafi. Maigida yana fita ƙarfe bakwai, ya dawo bayan magariba, ya durƙusa ya ce, "Inna, ya jikin?", ta sa masa albarka. Tsakanin fitarsa da dawowarsa wa ya kai ta banɗaki, wa ya wanke zanin gado, wa ya juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, wa ya dama kunu ya zauna yana lallashi cokali bayan cokali? Matarsa ce. Sau da yawa tana da goyo, ga 'yan makaranta, ga 'yar sana'arta ta cikin gida, ƙosai ko ɗinki ko kitso, wadda da ita take zubin adashi da sayen kayan ɗakin 'yarta. Sana'ar ce ke fara mutuwa. Asarar nan kuɗi ce tsagwaronta, amma da yake ba daga albashin maigida ta fita ba, sai a ce ai ba a kashe ko sisi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda al'ada ta rufe abin da malamai suka daɗe da bayyanawa. Hidimar uwar miji ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. In ta yi, kyautatawa ce da neman lada, kuma ta cancanci godiya. Wajibin yana kan waɗanda tsohuwar ta haifa. Amma a aikace 'ya'yan mata na gidajen aurensu, 'ya'yan maza na kasuwa, baƙuwar da aka auro ita ke kwasar kashi da fitsari. Ranar da ta gaji ta ɗan ɗaure fuska, kafin la'asar labari ya kai wa dangin miji cewa ba ta ƙaunar uwarsu. Aure nawa ya girgiza a kan wannan, kowa ya san guda a unguwarsu.

Sai batun muhalli. Mai ciki da falo a gidan haya ba shi da ɗakin da zai ba uwarsa, sai dai a haɗa ta da yara ko a shimfiɗa mata a falo, banɗaki kuma na haɗaka da sauran 'yan haya, ga layi da safe. In ya ce zai ƙara ɗaki, mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule. Ita kanta tsohuwar, wadda a ƙauye take da kaji da akuyoyi, ake aiko mata da ƙwarya ranar suna, ake kawo mata ƙarar jikoki ta raba gardama, ta koma mai zaman jiran a kunna mata fanka in an kawo wuta. Ba ta san kowa ba, ƙofa a rufe. Mai gigin tsufa kuwa sauyin wuri yana ƙara rikita shi, shi ne za ka ji ana cigiya a masallatai wani dattijo ya fita bai dawo ba. Maza sun fi shan wahalar wannan ƙaura. Tsohon da ya saba da majalisar ƙofar gida da sahun farko a masallacin da ya yi shekara hamsin yana salla a ciki, in ka ajiye shi a ɗakin suruka, kunya kaɗai ta isa ta hana shi cin abinci.

Barin ta a gida yana kawar da yawancin waɗannan. Ba haya, hatsi na rumbu ko kasuwar ƙauye, maƙwabta na leƙowa ba sai an gayyace su ba, tana kuma nan da girmanta. Amma ita ma hanyar tana da nata ramukan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, zuwa dubiya ya zama abin da sai an yi masa tanadi. Wanda ke zuwa duk mako ya koma duk wata, na wata ya koma sai Sallah. Magani ma haka. Dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara bayan cire tallafin, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a Agustan 2023, kuma duk abin da ake shigowa da shi, daga allurar masu ciwon suga zuwa famfas na manya, ya bi dala. A birni aƙalla kana iya zagaya kemis uku ka gwada farashi. A ƙauye abin da ɗan kemis ya ba ka shi ke nan, allurar da ke son sanyi kuma sai dai a ajiye ta gindin randa.

Ramin da ya fi zurfi shi ne na amana. Tura kuɗi ya yi sauƙi yanzu, ko'ina akwai mai POS, amma kuɗin da aka tura don Inna yana sauka ne a gidan da kowa ke da buƙata. Ba sata ake yi ba. Ƙanin da ke gida yana da iyali, taki ya yi tsada, sai a taɓa na magani da niyyar mayarwa. Tsohuwar da kanta takan raba wa jikoki, ta ce ai jikin da sauƙi. Hawan jini kuwa ba ya nuna alama, ana daina shan ƙwayar mako biyu ba a ga komai ba, sai ranar da ya kayar da mutum. Akwai kuma dabarar da ake yi wadda nake ƙi fiye da kowacce: a tura jika 'yar shekara goma sha biyu ta "zauna da kaka". Yarinyar ba za ta iya ɗaga babba ba, ba ta san awon magani ba, makarantarta kuma ta tsaya.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa mai ƙaramin ƙarfi, zan ce a bar ta a ɗakinta muddin ciwon na lallaɓawa ne, da sharaɗin a biya mai jinyar albashi sananne. A kusan kowane dangi akwai bazawara ko gwauruwa mai sauran ƙarfi, ƙanwar tsohuwar ko 'yar ɗan'uwanta, wadda ita ma neman abin rufin asiri take. Mun saba mu ce mata, "Gwaggo, ki taimaka don zumunci," sannan mu riƙa ba ta na goro in mun ga dama. Wannan ne ke sa aikin ya lalace bayan wata uku, domin wanda ba ka biya ba ba ka da bakin tambayarsa. A yanka mata abu, a faɗa a gaban kowa, a ba ta a hannunta ranar da aka ce. Kuɗin magani kuma kada ya bi ta hannun kowa. A sayo na wata guda a aika, a nemi ma'aikacin lafiya na garin ya riƙa leƙowa da abin awon jini, a sallame shi.

Wanda ke jin kunyar biyan ɗan'uwa ya duba littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A Muhtasar na Halil, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, har da ciyar da mai yi musu hidima. Wato tun ƙarnoni da suka wuce an san cewa kula da tsoho aiki ne mai cin kuɗi. Littafin ya kawo saɓani kan yadda za a raba nauyin tsakanin 'ya'ya: ko daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon ƙarfin kowa, kuma na ƙarshen nan malaman mazhabarsa suka fi rinjayarwa. 'Ya mace mai samu tana ciki. Wannan ya fi abin da muke yi adalci, inda ake jibga wa babban wa komai don kawai shi ne babba, ko a bar wa wanda aka ga yana aikin gwamnati alhali ƙaninsa ɗan kasuwa ya ninka shi samu. Kuma wajibin yana zuwa ne in iyayen ba su da shi. Tsohon da ke da gona uku da shanu, dukiyarsa ce farkon abin da za a yi masa jinya da ita. Na sha ganin ana barin dattijo ba magani ana tsare gonar da za a gada, ana kiran abin da sunan riƙon amanar gida. Ba sai an sayar ba ma. A ba da haya ko a yi noman raba-daidai, abin da ya fito ya shiga asusun jinya.

Akwai inda wannan shawara tawa ba ta aiki. Mutumin da iyayensa ke ƙauyukan Batsari, ko Maradun, ko Sabon Birni ba shi da zaɓin barinsu, domin wanda ba ya iya gudu ba ya kwana inda ake gudu cikin dare, kuma ma'aikatan lafiya da dama sun bar irin waɗannan wurare. Haka wanda ciwonsa ya kai ga wankin ƙoda, ko gyambon suga da ke son wanki kullum, ko watannin farko bayan shanyewar jiki. A nan dole a ɗauko. Sai dai in an ɗauko, kuɗin da da za a ba Gwaggo bai faɗi ba. 'Yan'uwa su ci gaba da haɗa shi, a ba matar gidan ko a ɗauko mata mai taya ta aiki, 'ya'yan tsohuwar mata su raba kwanakin wanka da wanki a tsakaninsu, maza kuma su karɓi kwanan dare da kai wa asibiti. In jiki ya yi sauƙi ta ce a mayar da ita gida, a mayar da ita, ko da mutanen unguwa za su ce ɗan ya gaji da uwarsa.